Yadda za ka fara ƙera 'yan mayaƙa ƙanana da hannunka, tun daga waya har fenti

Duk wanda ya tashi a garin ga na Sakkwato ya san ginin laka. Da damina in ruwa ya ɗauke mukan ɗebo yumɓu mu zauna gindin katanga muna gina doki da raƙumi da sa mai tozo, a soka tsinke a yi ƙaho, a aza bisa dakali ya sha rana, kafin la'asar ƙafa guda ta ɓalle mu sake wani. Da kaka kuma sai motar kara. To abin da nike son in yi bayani yau ɗan'uwan wancan ne, sai dai shi wanga ba ya fashewa, kuma ƙanƙantarshi ta kai ga mutum guda ya tsaya bisa murfin kwalba da rawaninshi da takobinshi da garkuwa.

Abu biyu ake yi da 'yan mayaƙan ga. Na farko a jera su cikin ɗan ƙaramin fage da anka gina bisa katako, ga ganuwa ga ƙofa ga giginya, wanda ya kalla ya ga kamar an tsai da wani lokaci na tarihi cak, shi ne Turawa ke ce ma dayorama. Na biyu wasan yaƙi na bisa tebur, mutum biyu kowa da rundunarshi, ana auna tafiya da tef ana jefa ƙwayar lido don a san wa ya sami wa. Wasan ga ba na jiya ba ne, rundunar Furushiya ta ƙasar Jamus ta karɓe shi tun 1824 tana horar da hafsoshi da shi, irinshi mai suna Warhammer da yaran yanzu ke gani a intanet kuwa a Ingila ya fito a 1983. Nasu sojojin na roba tsada gare su ƙwarai in ka haɗa da kuɗɗin kawowa, kuma ko ka saya da wuya ka sami ɗan lifida ko ɗan baka irin namu a ciki. Shi ya sa nike ganin mu yi namu da kanmu ya fi, tunda kayan doki da rawani da babbar riga muna ganinsu da ido, ba a hoto ba.

Maganar da ba za a tsallake ba

Na san abin da ya fara zuwa ran mai karatu, don ni ma shi ya fara zo mini. Hukuncin sassaƙa surar abu mai rai. Ban taɓa danƙo ba sai da na je wajen malaminmu bayan karatun magariba na ce, Allah gafarta malam ga abin da nike son yi, na nuna mishi hoto a waya. Abin da aka sani a Malikiyya shi ne sura mai jiki, cikakkiya, ta mutum ko dabba, haramun ce. An yi rangwame ga 'yar tsana ta yara saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da take wasa da 'yan tsana, kuma malamai sun bambanta hukuncin surar da ba ta cika ba. Abin da ba shi da rai kuwa, gini, bishiya, mota, igwa, jirgi, babu magana a kanshi. Ni ba malami ba ne, kai ma ka je ka tambayi naka malamin ka faɗa mishi gaskiyar abin da za ka yi da dalilin yinshi. Abin da ni na tsaya a kai shi ne ba na yin fuska sam, rawani da amawali su rufe wurin, kuma ba na taɓa gina wani in ce wanga Shehu ne ko Abdullahi ko Bello, inda jagora yake tuta nike kafawa ta wakilce shi. In zuciyarka ba ta kwanta da mutane da dawaki ba, duk abin da zan faɗa na danƙo da fenti da fage zai yi maka aiki wajen gina ganuwa da soro da rumbu da motocin yaƙi, kuma wallahi wanga kaɗai fage ne mai faɗi.

Zaɓi girma tun kafin ka sayi komi

Masu wasan tebur sun fi amfani da milimita 28, wato daga tafin ƙafa zuwa saitin ido, kusan kashi 1 cikin 56 na girman mutum. Akwai na 1/72 da bai wuce milimita 25 ba, akwai kuma na milimita 54 wanda shi ne 1/32. Shawarata ka fara da 54. Na 28 kanshi bai fi ƙwayar dawa biyu ba, sabon hannu zai wahala ya karaya tun bai je ko'ina ba. Ka yi uku ko huɗu a 54, hannunka ya san danƙo, sannan ka sauko.

Ɗauki takarda da rula ka ja layi mai tsawon 54 ka raba shi gida takwas. Gida na sama shi ne kai. Tsakiyar layin daidai nan ƙafafu ke rabuwa, gwiwa tana gida biyu daga ƙasa, gwiwar hannu saitin cibiya, yatsu su sauka tsakiyar cinya, faɗin kafaɗa kamar kai biyu. Kar ka yar da takardar ga, duk ƙashin waya da za ka lanƙwasa a kanta za ka gwada shi, in ba haka ba za ka wayi gari da runduna wani dogo wani gajere kamar ba gari ɗaya sunka fito ba.

Danƙo

Nan ne mutane ke tsayawa suna cewa ai babu kaya a Sakkwato. Akwai na oda, akwai kuma wanda za ka haɗa a gida.

Wanda masu sana'ar sunka fi riƙewa sunanshi Green Stuff, yana zuwa kamar zare mai faɗi, gefe guda rawaya gefe guda shuɗi, ka yanki kaɗan ka murza har ya koma kore gaba ɗaya babu zane-zane. Shuɗin shi ke busar da shi, in ka rinjayar da rawaya zai yi laushi da kama jiki, in ka rinjayar da shuɗi zai yi tauri da sauri. Tsakiyar da launukan biyu sunka haɗu galibi ya riga ya daskare, yanke shi ka yar. A ƙasashen sanyi yana ba mutum kamar awa ɗaya da rabi yana aiki, amma mu nan a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kar ka sa rai da haka, haɗa kamar ƙwayar wake kawai, in ta ƙare ka sake. Sauran ka ƙulle a leda ka sa a firij, in babu wuta ko gindin randa ne ka ajiye. Na biyu Milliput, shi ma haɗi biyu ne, yana laushi da ruwa kamar laka, in ya bushe kuma ya zama dutse, ana iya kankare shi da reza a goge da sanfefa, abin da koren ba ya yarda da shi don shi ko ya bushe da ɗan roba-roba a jikinshi. Ni rabi da rabi nike haɗa su in zan yi takobi ko sirdi ko duk abin da ke son kaifin gefe. Dukansu biyu suna iya sa wa wasu ƙaiƙayin fata, ka wanke hannu da sabulu in ka gama, kuma kar ka riƙa lasar tsinken aiki don jiƙa shi.

Akwai wani danƙon gam mai haɗi biyu da ake samu wajen masu kayan famfo da na mota, wanda ake like tanki da shi. Yana daskarewa cikin 'yan mintoci, ba za ka iya yin riga da shi ba, amma yana da kyau ƙwarai wajen ɗaure waya da cika cikin doki, kuma ya fi araha nesa.

Sai Fimo, shi ba ya bushewa sai an gasa shi a oban, digiri 110 na minti 30. Daɗinshi ba ya gaggauta ka, kana iya kwana uku kana gyaran hannu ɗaya. Amma ka kiyaye da zafin garin ga, na taɓa barin fakiti biyu a ɗaki mai rufin kwano na yi tafiya ta sati, na dawo na tarar sun fara gasuwa suna marmashewa, ba su sake moruwa ba, kuma abin ya yi mini ciwo don da ƙyar na same su.

In duk waɗanga sun fi ƙarfin aljihu, ga na gida. Kofi ɗaya na garin sitacin masara wanda masu kek ke amfani da shi, kofi ɗaya na farin gam na kafintoci irin su Top Bond, cokali ɗaya na man shafawar jarirai, cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Haɗa a tsohuwar tukunya da ba a girki da ita, wuta kaɗan, kana tuƙawa kamar tuwo har ya dunƙule ya saki tukunya, sauke ka murza da hannu in ya huce, ƙulle a leda ya kwana. Da iska yake bushewa kuma yana ɗan tsukewa, don haka ka yi abin ya ɗan fi yadda kake so girma. Bai kai na oda fitar da ƙananan abubuwa ba amma a 54 yana yi sarai, da shi ma na koya.

Kayan hannu kuwa kusan duk suna gidanku. Allura, basilla irin ta dukawa, tsinken sakace, reza, ƙaramar filaya, Super Glue, man baselin da ɗan ruwa a murfi. Abu ɗaya ne na ce lallai a ƙera maka. Na ɗauki wayar ƙafar keke guda uku na je Maƙera Assada, unguwar maƙera, na ce ma wani dattijo, Baba so nike a buga mini bakin wanga ya yi faɗi kamar ɗan cokali, wanga kamar bakin mashi, wanga a lanƙwasa shi. Ya juya su a hannu ya ce, yaro wanzanci za ka koya? Da na nuna mishi ɗan dokin da na zo da shi a aljihu sai ya ajiye abin da yake yi ya buga mini su nan take, har ya goge bakin da kanshi ya ce kar ya yi kaushi ya ja maka laka. Gaskiya ya faɗa, bakin ƙarfen in ba sumul yake ba duk inda ya bi sai ya bar zane. Har yau da ukun nan nike yawancin aikina.

Ƙashi

Komi a kan waya yake tsayawa. Nemi ragowar wayar wutar gida ta jan ƙarfe mai silli ɗaya wajen masu wayarin, ka feɗe robar, kaurin kamar milimita 1 ya isa ga 54. Na 28 kuwa sai wadda ta fi siriri, irin ta masu naɗin koyil ɗin fanka. Robar da ka feɗe ma kar ka yar, za ta yi amfani gaba.

Yanki waya biyu. Ka murɗe su tare daga wuya zuwa ƙugu, ƙasa su rabu su zama ƙafafu, sama ɗaya ta miƙe ta zama wuya da kai, ɗayar ka datse. Waya ta uku ka gitta a kafaɗa ta zama hannuwa, ɗigon gam ya riƙe ta. Ƙafafun ka bar musu rarar santimita biyu a ƙasa, ka soka su cikin busasshiyar totuwar masara ko toshiyar filas ɗin shayi, nan ne mariƙinka daga yanzu har ƙarshe. Aza shi kan takardar nan ka sa alama inda gwiwa take, ka lanƙwasa da filaya a daidai wurin, kwana mai kaifi, don ƙafar mutum ba ta lanƙwasa kamar baka.

Yanzu ka ba shi tsayuwa, kuma ka daɗe a nan. Tashi tsaye ka yi yadda kake son ya yi, ka ɗaga hannu kamar za ka jefa mashi, ka ji ƙafar da nauyinka ya koma kanta, ka ji yadda kafaɗa ke juyawa ƙugu ya bi ta baya. Ko ka sa ƙanenka ya tsaya da sanda ka ɗauke shi hoto gaba da gefe. In waya tsirara ba ta yi kama da mai jifa ba, duk rigar da za ka aza mata ba za ta gyara ba.

Aza jiki, kaɗan-kaɗan

Wanga shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda kowa ke karyawa. Ba a gina mutum a zama ɗaya. Zama na farko ka shafa danƙo siriri a kan wayar, ka ɗan cika ƙirji da ƙugu, ya fito ramamme ƙwarai, ka ajiye ya bushe. Zama na biyu cinyoyi da ƙwauri. Na uku baya da kafaɗa. Dalili shi ne danƙo mai laushi yana son abu mai tauri a ƙarƙashi da zai danna a kai, in babu sai ya riƙa gudu yana juyawa a jikin waya. Dalili na biyu yatsanka. Na taɓa ɓata wajen awa biyu ina fitar da ninkin riga ta gaba, ta yi kyau yadda nike so, na juya in gyara baya na manta na dafe gaban da babban yatsa, da na ɗaga sai zanen yatsana kwance a inda rigar take. Tun ranar na koma yin uku ko huɗu a tare, in na taɓa wanga na ajiye na ɗauki wancan.

Zafinmu a nan yana taimako. In ka gama wani sashe ka bar shi ya ɗan kama a inuwa tukuna, sannan ka kifa mishi gwangwanin madara ka ajiye a rana, zafi na gaggauta bushewar danƙo mai haɗi biyu, abin da zai kwana sai ka ga ya yi kafin ka dawo daga sallah. Kifawar ma tana da dalili, musamman da hunturu, ƙura in ta zauna kan ɗanyen danƙo ta zauna kenan.

Kullum bakin ƙarfenka ya zama da ɗan danshi ko ɗan baselin kaɗan, kamar an shafa an goge. Kuma dannawa ake yi da turawa, ba yanka ba. In kore ne ka bar shi minti goma bayan haɗawa ya rage kama hannu.

Tufafi da makamai

A nan muka fi kowa sa'a, don babbar riga tana rufe kurakuran jiki da yawa. Murza danƙo tsakanin leda biyu da ka shafa wa mai, da kwalba, har ya yi falle, ka bar shi ya ɗan yi ƙarfi, ka yanka ka yafa. Abin lura shi ne ninki ba ya fitowa haka kawai, daga inda tufa ta rataya yake tasowa. Ranar Juma'a ka tsaya ka kalli dattijo da ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, za ka ga duk layukan daga kafaɗa sunka taso suna buɗewa zuwa ƙasa, masu zurfi uku ko huɗu ne kawai, sauran ƙanana. Haka za ka yi, manya kaɗan, kar ka cika jikin da zane. Aikin aska na gaban riga ka bar ma fenti.

Rawani kuwa naɗa shi za ka yi kamar na gaske. Ƙwallon kai ya bushe tukuna, sannan ka murza danƙo siriri kamar taliya ka ɗan danne shi, ka zagaya kan kana ɗan murɗawa, zagaye uku ya isa, ka sauko da falle guda ta ƙarƙashin haɓa ya rufe baki da hanci. Mai kunne biyu na sarauta ne, kar ka aza wa kowane mahayi.

Lifidi ya fi komi daɗin yi. Tufa ce mai kauri da anka cusa wa auduga anka ɗinke, doki da mahayi duk suna sawa don kibiya. Shimfiɗa danƙo mai ɗan kauri, ka ja layuka a karkace da bayan reza, ka sake ja ta ɗaya gefen su gitta, sannan ka bi kowane gida da ƙarfe mai faɗin baki kana tausa gefenshi har ya kumbura kamar matashi. Sulke kuwa da bakin allura ake yi, ka soka ka ɗan ja hagu, layi guda har ƙarshe, layi na biyu ka ja dama, haka har ka gama, daga nesa sai ka rantse zobba ne. Yana cin ido, ka yi shi da safe a bakin ƙofa inda haske yake.

Mashi waya ce, ka buga bakinta da guduma ya yi faɗi ka goge shi ya yi tsini. Baka ma waya ce, tsirkiyar kuma silli ɗaya daga wayar rediyo. Kwari kuwa robar nan da na ce ka ajiye, yanki guntu ka cusa gashin buroshi huɗu ko biyar su zama kibau. Garkuwa daga gwangwanin lemo. Linzami da ɗamara ka je Madunka, wajen masu aikin fata, ka roƙi ragowar jar fata da sunka yar, ka feɗe ta siriri da reza, babu fentin da ke kama launin fatar akuyar Sakkwato kamar ita kanta. Layu 'yan murabba'ai ne ka jera a damtse. Hannu kuma kar ka wahalar da kanka da yatsu biyar a buɗe, manna makamin a wayar hannun tukuna, ka naɗa ɗan danƙo a kai, ka ja layi uku, babban yatsa daban.

Doki

Ka bar shi sai ka yi mutum biyar. Ma'auninshi kanshi ne, tsayi daga ƙasa zuwa doron kafaɗa kai biyu da rabi, tsawon jiki daga ƙirji zuwa gindi shi ma haka. Kusa da mutum mai 54, dokinmu kamar 45 ya isa. Inda ake kuskure ƙafar baya ce, wurin nan da ke lanƙwasa ta baya ba gwiwa ba ce, diddige ne, gwiwar tana can sama jikin ciki. Je ka kalli masu kilisa da yamma ka ɗauki hoto ta gefe. Cika cikin da danƙon famfo, ka gina dokin da sirdinshi daban, mahayi daban, amma kafin ƙafafun mahayi su bushe ka shimfiɗa leda kan sirdi ka zaunar da shi ya ɗauki zaman. Ɗan lifida ya fi sauƙi ga mai koyo don lifidin ya rufe rabin dokin.

Fenti

Wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori saboda baselin, in ba haka ba fenti zai ɓare. Fesa mishi fentin share fage ruwan toka na gwangwani, wanda masu fentin mota ke sawa a farko, daga nesa kamar taƙi ɗaya da rabi, fesa biyu marasa kauri. Nan duk wani rami da zanen yatsa zai bayyana, ka gyara. Sannan fentin akirilik na masu zane, a sirka da ruwa ya yi kamar madara, shafi biyu ko uku. Da hunturu yana bushewa tun a buroshi, maganin shi ne ka jiƙa soso a faranti ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai ka zuba fentin bisa takardar.

Dabara biyu za su ɗaga aikinka. Ka sirka ruwan ƙasa mai duhu sosai har ya zama kamar ruwan shayi ka shafe jikin duka, zai gangara cikin ninki da ramukan sulke ya yi inuwa. In ya bushe ka ɗebo launi mai haske a buroshi ka goge a tsumma har kamar babu komi, ka riƙa shafawa sama-sama, tudun kaɗai zai kama. Farar riga kar ka yi ta fara tas, wanda ya yi tafiyar kwana uku a kan doki rigarshi ta sha jar ƙasa, musamman ta ƙasa. Rawani baƙi kuma shuɗi mai duhu ake fara sawa, don na shuni ne, yana da ɗan ƙyalli.

Fage

Filawud kamar faɗin littafi ya isa na farko. Tudu da ganuwa ka yanka su daga farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin, amma ka sani Super Glue da fentin fesawa suna cinye shi, farin gam kawai za ka yi amfani da shi kuma ka rufe shi ruf kafin fesawa. Yaɓen kuwa ƙasar garin ga ce da kanta, jar ƙasa ka tankaɗe da rariya ka kwaɓa da farin gam da ruwa ka yaɓa da yatsa, ka bi da buroshi kana yin zagaye-zagaye irin na hannun magina. Lissafi ɗaya ne, katangar mita 3 a girman 1/32 milimita 94 ce, a 1/56 kuma 54. Gefe guda ka bar shi ya zube a ga tubali a ciki, 'yan dunƙule masu tsini ka jera, ka sa zanko a kusurwa, tsinken tsintsiya ya zama azara, guntun robar waya ya zama indararo. Giginya wayoyi ne a murɗe da danƙo a kai, da ɗan kumburi a sama da tsakiya, ganyen takarda ce ka ninke kamar mafici ka tsattsaga baki.

Abin da za ka nuna kuwa tarihinmu cike yake. Yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, inda jama'ar Shehu yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan, suna fuskantar dawakin Gobir da 'yan lifida, wanga ko a wasan tebur yana da daɗi don rundunonin biyu ba iri ɗaya suke faɗa ba. Ko faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ko yaƙin filin Giginya da Turawa, 15 ga Maris 1903. Kafin ka fara ka shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga kayan da idonka. Ba dole sai yaƙi ba ma, ayarin raƙuma na shigowa Ƙofar Kware da safe fage ne cikakke.

In runduna kake so

Mutum talatin ɗaya bayan ɗaya zai ci maka shekara. Abin da ake yi shi ne ka gina garkuwa ɗaya mai kyau, kwari ɗaya, kai mai rawani ɗaya, ka yi musu mazubi. Silikon na masu aikin gilashi ka kwaɓa da garin sitaci har ya daina kama hannu, ka yi a waje don warinshi na da ƙarfi, ka danna abin a ciki, in ya bushe ka cire ka riƙa cusa danƙo kana fitar da irinshi. Naka za ka kwafa, ba na wani kamfani ba. Kowane soja ka manna shi kan wosha, ƙarfen nan mai huji da ake sawa ƙarƙashin noti, mai faɗin milimita 25, nauyinta zai hana shi faɗuwa.

Wani zai ce maka ka narka darmar batir ka zuba, ai da ita Turawa ke yi a da. Don Allah kar ka yi, ko kusa. Mun ga abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa sunka rasu, ga shi abin ga ƙarami ne mai launi, yaro na gani baki zai kai. Ko na danƙon ma ka ajiye inda hannun ƙanana ba ya kai.

Ajiya kuwa gwangwanin biskit mai murfi ya wadatar. Manna ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin kowace wosha su kama gindin gwangwanin, ko an girgiza mashi ba zai karye ba, ka sa shi ƙasan gado ko cikin kabad, nesa da taga da zafin kwano.